Kwana Shida Ina Kallon Kunnenta

Ɗiyata ta fari tana da shekara shida lokacin da ciwon kunne ya kusa raba ta da duniya. Ina gidan. Ban yi tafiya ba, ban kwanta ciwo ba, idona biyu garau. Tsakanin ƙofar ɗakina da tabarmar da take kwance taku goma sha biyu ne. Na ƙirga daga baya, ba sau ɗaya ba.

Mu a ƙauyenmu, can gefen Bukkuyum, mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban manya, in ya faɗi kina kallo sai wani ya zo ya ɗaga shi. Haka na taso na ga uwata tana yi wa babban yayanmu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce rashin so ne ba. Kunya ce, da ita ake auna tarbiyyar mace a gidan miji. Tawa kunyar ninki biyu ta zo, don sunan uwar mijina aka sa wa yarinyar, tsohuwar da duk gidan muke kira Inna. Suna ne da ba zan iya furtawa ba ko da ba ɗiyata ke ɗauke da shi ba. Ranar da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Can take kwana, can take ci, Inna na kiranta takwara, ita kuma tana kirana Adda kamar wata yayarta. In na samu ɗan abin marmari ina son ta ci, sai in ce, "Inna, ga wannan a ba yarinyar ɗakinki." Har yabona ake yi a unguwa, ana cewa duk da na yi sakandare a Gummi, boko bai cinye mini kunya ba. Ina jin daɗin wannan yabon. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinsa sosai.

Inna mutuniyar kirki ce, ban taɓa kwana da ɓacin ranta ba. Sai dai a lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani, hagu da dama. Tana ganin haske, tana ganin duhun mutum in ya tsaya a bakin ƙofa, amma fuska da launi sun ɓace mata. Da murya take gane mu, da hannu take duba tuwo ko ya nuna. Ba ta son a faɗa, mu ma ba mu faɗa. Maigidana kuwa wake yake saye a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Gummi, in kaka ta kama yakan yi mako biyu bai kwana gida ba. Wato a makon da nake ba da labari mu huɗu ne a gidan: ni, da Inna, da yarinyar, da ƙanwarta da nake goyo.

A ƙarshen daminar nan hangum ya shigo gari. Gida-gida yake bi, yaro ya kwana lafiya ya tashi kumatu sun kumbura ƙarƙashin kunne kamar ya cusa goriba a baki. Maganinsa a wurinmu sananne ne: a ɓamɓaro gidan zanzaro daga jikin bango, a daka ƙasar, a kwaɓa da ruwa, a shafe kumburin, a ɗaure da ƙyalle daga haɓa zuwa tsakar ka. Kwana bakwai, takwas, yaro ya miƙe. Duk unguwa yara ne da ƙyalle a ka suna wasa, ana yi musu dariya. Inna ce ma gwanar kwaɓin, mata suna turo mata 'ya'yansu.

Yarinyar ta yi mura mako guda kafin nan, hanci na zuba, muryarta ta dushe. Ran Litinin ina tankaɗe na ga tana zaune gindin turmi tana jan kunnenta na hagu. Ba ta kuka, ja kawai take yi tana yamutsa fuska. Inna ta ji ƙorafinta, ta narka man shanu a cokali ta ɗiga mata. Na ce a raina, to, ƙila ya wuce.

Ran Talata ni na wanke kayan ɗakin Inna, kamar kullum. A jikin zanen da yarinyar ke ɗora kai na ga tabo, rawaya-rawaya, ya bushe ya yi tauri. Na kai hanci. Mugunya ce. Na daɗe tsugune da zanen a hannuna.

Kuma na san abin da nake gani, nan ne laifin ya fara. A makaranta na zana kunne a jarrabawa, da 'yar hanyar da ta haɗa shi da maƙogwaro, har malamin ya yaba zanen. Bayan haka, lokacin da ciwon dalma ya ɗebi yara a Duza da Tungar Daji, ma'aikatan lafiya sun yi ta shigowa ƙauyukanmu, kuma da yake ina iya rubutu nakan zauna kusa da su ina cike katin awo. Akwai wata a cikinsu, mai kaurin murya, da kullum take maimaita wa mata: yaro da zazzaɓi da mugunya a kunne, kada a kwana, a kawo shi. Ni da bakina na sha juya maganar nan ga matan da ba su ji da kyau ba. Na wanke zanen, na shanya, na shiga ɗaki na yi Azahar.

Ran Laraba zazzaɓi ya rufe ta, gefen kanta ya kumbura. Inna ta lalube ta da hannu a tsakar gida, ta yi dariya.

"Yauwa, takwara, ke ma kin shiga layi. Hangum na. Da ma na ce ba shi ƙetare gidanga, ga mai kumatu nan zaune tana jira nai."

"Inna, zafi."

"Zahi kai. Wa ya ce ki cinye min ƙuli-ƙuli? Ga shi nan ya taru wuri guda."

Sai ta ɗaga murya ta ce da ni, "'Yar boko, duba min bangon rumbu, akwai gidan zanzaro can sama."

Ni na hau turmi na ɓamɓaro shi. Ni na daka. Na miƙa mata a ƙoƙo, kaina a sunkuye.

Washegari da safe Inna ta kwance ƙyallen za ta sake kwaɓi, ta ce in zuba mata ruwa ta wanke tsohuwar ƙasar. Ina zuba ruwan ne na ga wurin sosai. Kumburin hangum gaban kunne yake da ƙasansa, na ga na yara fiye da ashirin a watan nan. Wannan a bayan kunne yake, kan ƙashi. Ya yi ja, yana sheƙi, ya turo kunnen gaba har ya tashi ya bar kai kamar hannun kofi. Yatsan Inna na taɓa wurin yarinyar ta ƙwalla ƙara. Mai hangum ba ya irin wannan ƙarar. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Inna, ruwan ya isa?"

Ta ce ya isa. Ta shafe jan da sabuwar ƙasa, ta ɗaure.

Me na ji tsoro? Na yi wa kaina wannan tambayar shekara bakwai. Ba duka ba ne, ba zagi ba ne, Inna ba ta yin ko ɗaya. Abin da na hango shi ne a ce, ga ta can, ta tsaya gaban uwar mijinta tana duba kunnen 'yar fari, tana cewa tsohuwa ba ta san ciwo ba. A ce boko ya fito. A ce ta nuna wa makauniya makantarta. Mata su taru a bakin rijiya su juya maganar. Shi ke nan fa abin da na ajiye a gefe ɗaya na sikeli, na ɗora yarinyar a ɗaya gefen, kuma na tsaya ina duba wanne ya fi nauyi.

Sai na yi dabara irin tamu ta mata. In magana ta fi ƙarfin bakinki, sai ki nemi wanda zai faɗa a madadinki. Akwai wata Bafulatana mai kawo mana nono, dattijuwa, muna kiranta Goggo. Ita da Inna abokan wasa ne tun suna 'yan mata, babu abin da ba ta iya gaya mata. Na ce zan raɗa wa Goggo, ita ta ce wa Inna a kai yarinya asibiti, kamar daga gare ta maganar ta fito. Na ji daɗin dabarar nan har na ɗan samu natsuwa. Matsalar ɗaya ce. Da yake amfanin gona na tsaye, su Goggo sun janye shanunsu nesa da gari, Goggo ba ta shigowa sai Laraba da Asabar. Laraba ta wuce jiya. Na ce to, Asabar. Kwana biyu ne kawai.

Da la'asar ɗin ranar maigidana ya kira. Na fita bayan rumbu inda waya ke kamawa.

"Yaya gida? Yaya Inna?"

"Lafiya lau."

"Yaya 'yar goyo?"

"Tana lafiya, har ta fara rarrafe."

"To madalla. Kowa dai lafiya?"

Shi ma 'yar farinsa ce, ba zai ambace ta ba. Cikin "kowa" ɗin nan ya sa ta, ni ma na gane. Na ce, "Kowa lafiya, sai ɗan hangum da ke yawo." Ya ce Allah ya sawwaƙe, shi ma ya yi yana yaro. Da na ce masa ka dawo, da ya dawo. Mutum ne da ba ya musu da ni kan lafiyar yara, shi da kansa yake cewa ni ce likitar gidan.

Ranar Juma'a ita ce ba na son tunawa. Da hantsi Inna ta shiga maƙwabta gaisuwar haihuwa. Ina zaune a ɗaki ina tsintar wake sai na ga inuwa a ƙofa. Ita ce. Ta taso da ƙafarta, ta dafa bango ta zo. Kanta ya karkace zuwa hagu, ba ta iya miƙe wuyan, ƙyallen ya jiƙe ya yi wari. Leɓenta ya bushe ya tsage.

Ta ce, "Adda, kaina."

Babu kowa a gidan. Ba mai ganina in na ɗauke ta. Na ajiye faifan, na taɓa goshinta, zafin ya ratsa tafin hannuna. Na zura yatsa ƙarƙashin ƙyallen na ji kumburin ya gangaro wuya, ya yi tauri. Ta jingo jikina, ta ɗora kai a cinyata. Tun da aka yaye ta ba ta taɓa yi ba. Sai na ji sandar Inna a zaure, ƙwas, ƙwas, da muryar wata maƙwabciya da ta rako ta.

Na ɗaga ta daga cinyata. Na ce, "Tashi ki tafi wurin Inna."

Ta dube ni. Ta juya ta dafa bangon ta koma. Na ɗauki faifan na ci gaba da tsintar wake, maƙwabciyar ta leƙo muka gaisa, har da dariya. Ranar na ba Inna maganin zazzaɓi na ruwa da ya rage na 'yar goyo na ce a ba ta, na yi nafila, na yi ta addu'a Allah ya kai mu Asabar. Addu'ar da na yi ke nan. Ban roƙi ya buɗe mini baki ba.

Goggo ta shigo da hantsin Asabar, ƙwarya a ka, tun daga zaure take tsokana.

"Ina tsohuwar gidanga? Ta mutu ko tana nan tana cin gumin ɗanta?"

"Ina nan, mai nonon ruwa," in ji Inna daga ɗaki. "Yau rijiya nawa kinka tatsa?"

Na tare ta kafin ta sauke ƙwaryar, na ja ta gefen murhu, na gaya mata cikin raɗa. Na ce ba hangum ba ne, na ce ta faɗa wa Inna kamar ita ta gani. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun Talata na ga mugunya."

Goggo ta dire ƙwaryar. Ta shige ɗakin Inna, ni ina bayanta na tsaya a ƙofa. Yarinyar na kwance, ido a buɗe rabi, an kira ta ba ta waiwaya ba. Goggo ta kwance ƙyallen da hannunta, ta kankare ƙasar da farce, ta kau da kai saboda wari.

"La'ilaha illallahu. Ke tsohuwa, wanga ba hangum ba na. Miki na, ya cika da ɗiwa har wuya. Ɗiyar ga tahiya za ta yi in ba a tashi ba."

Inna ta lalubo wuyan da hannu biyu. "Ya yi ja?"

"Jawur."

"Tun yaushe shi ke ja?"

Goggo ba ta rufa mini ba. Ta ce, "Tambayi mai ido." Sannan ta juyo gare ni, a gaban Inna, ta ce, "Ke, mu munka koya muku kunyar ɗan fari, ko? Nawa na fari da maciji ya sare shi, ni na goya shi da gudu har bakin hanya, ɗankwali ya faɗi ban tsaya ba. Ɗauki ɗiyarki."

Na kwance 'yar goyo na miƙa wa Goggo, na goya babbar. Ƙafafunta suna lilo har gwiwata. Rabon da in ji nauyinta a bayana shekara huɗu. Wani maƙwabcinmu mai kabu-kabu ya ɗauke ni da ita, wani ya ɗauko Inna da Goggo da jaririyar. Inna ta ce ko a jan ciki sai ta je.

A asibitin Bukkuyum likitan da ya gan mu matashi ne, mai sanyin magana. Ya ɗauka Inna ce mai riƙon yarinyar, gaskiya ne kuwa, sai ya fuskance ta.

"Baba, yaushe ciwon ya fara?"

"Shekaranjiya waccan, ɗana. Laraba."

"Kunnen ya taɓa zubar da ruwa?"

"A'a, ban ji ba."

Sai na ji bakina ya buɗe da kansa, yanzu da ba shi da sauran amfani. Na ce mura ta yi mako guda kafin nan. Litinin ta fara jan kunne. Talata mugunya ta fito, rawaya, mai wari. Laraba zazzaɓi da kumburi. Alhamis bayan kunnen ya yi ja, kunnen ya tashi. Juma'a wuya ya karkace, kumburin ya sauko, ta ce kanta na ciwo. Tun daren jiya ba ta sha komai ba. Yana rubutawa yana gyaɗa kai, da na gama ya ɗago.

"Ke ce wa?"

Inna ce ta ce, "Uwatta ce."

"Duk wannan a idonki aka yi?"

Na ce, "E."

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, ƙila da na samu sauƙi. Ya dube ni kaɗan, ya mayar da kai kan takarda, ya kira nas a sa mata ƙarin ruwa da allura.

Bayan sun tsaga wuyan sun matse abin da ya fito, ya kira ni ya yi mini bayani, da ya ji na yi makaranta. Ya ce hangum wata irin ƙwayar cuta ce daban, mai yin kwanakinta ta wuce, shi ya sa kowane magani aka shafa sai a ga kamar ya yi aiki. Wannan kuwa bakteriya ce, irin wadda ke zama a hanci da maƙogwaro. In mura ta toshe 'yar hanyar nan sai ta hau zuwa cikin kunne, ta hayayyafa, ta tara mugunya. In ba a kashe ta da magani ba sai ta ci ƙashin bayan kunne, ta huda ta gangara wuya, ko ta hau sama. Ya nuna mini da yatsa a kansa, ya ce tsakanin wurin da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri. Na tambaye shi, da an kawo ta Talata fa? Ya ce, "Da ƙila maganin sha ya isa. Amma yanzu ba wannan ne a gabanmu ba. Ƙashin sai an yi aiki, mu kuma ba mu da mai yi a nan. Gobe da safe ku wuce Gusau."

Na fito na samu Inna zaune kan benci a inuwar darbejiya, sandarta a tsakanin gwiwa. Na durƙusa a gabanta. Ta ji ni, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Ni idona ya mutu, kowa ya sani, kuna dai yi min kara. Ido guda biyu ke gidan nan masu gani, naki. Ni na zaci kina duba min. Duk sadda nac ce zuba min ruwa, ai don ki gani na."

Na fashe da kuka.

"Mi kinka ɗauke ni? Kura? Da hannuna na yi ta lulluɓe ciwo da ƙasa, kina riƙe min ƙoƙo."

Ba ta ƙara ba. Iyakar abin da ta taɓa gaya mini ke nan a kan maganar har ta bar duniya.

Maigidana ya iso da yamma, washegari da rana ta fito muka bi ta Anka muka wuce Gusau, don ba mai bin hanyar nan sai da haske. Aka yi mata aiki, aka kankare ruɓaɓɓen ƙashin. Kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba. A ranar ta huɗu ta buɗe ido ta ce tana son kunu. Mako uku muka yi, allura safe da yamma har hannayenta suka rasa wurin suka. Ni ke jinyarta, ni ke goge mata jiki, ba wanda ya ce uffan. Duk abin da na ji tsoro, ko mutum ɗaya bai faɗa ba.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma kafin a sallame mu suka gwada jinta. Kunnen dama lafiya lau. Na hagu ya tafi, suka ce ba zai dawo ba.

Na gaya wa maigidana gaskiya a kan hanyar dawowa, har da maganar waya. Ya ce, "Ƙaddara ce. Ni ma ai ban tambaya ba." Na yarda da ƙaddara, da ita zan mutu in Allah ya so. Amma na san Allah ya ba ni ido, ya ba ni sani, ya ba ni kwana shida. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ban ce ni ce ba, na ce wata ce. Ta ce kunya abu ne mai kyau, amma ba a taɓa umartar uwa ta yi kunyar ceton ɗanta ba, ɗa amana ne, na fari da na ƙarshe. Ta ce waccan matar ta yi istigfari, kuma in akwai wanda ta cutar ta nemi yafewarsa. Istigfarin ina yi. Na biyun ne ya gagare ni.

Da muka dawo gari mata suka yi ta zuwa sannu. Duk wadda ta tambaya, Inna ke riga ni amsawa: "Hangum na, ya zo da ƙarfi, ni kuma tsohuwa na tsaya maganin gida." Ta san ba haka ba ne, ta ji maganar Goggo da abin da na gaya wa likita da kunnenta. Ta ɗauki abin ta aza a kanta, ta rufa mini asiri, ni kuma na bar ta ta ɗauka. Goggo ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, sai dai ta daina yi mini wasa. Bayan shekara biyu Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta, yarinyar ta dawo ɗakina. Har yau abin da garin ya sani ke nan, ita ma abin da ta sani ke nan.

Yanzu shekararta goma sha uku. Doguwa ce kamar babanta, haddarta ta fi ta kowa a ajinsu, amma sai ta zauna a gaba ta gefen da malam zai kasance a damanta. In kabu-kabu ya taho ta hagu ba ta jin sa. Ƙawayenta na tsokanarta, ita ma tana ramawa, takan ce kunne ɗaya ya ishe ta jin shirmensu. Tabon yana nan bayan kunnen, da wani ƙarami a wuya, hijabi na rufe su.

Watan jiya ina yi mata kitso a tsakar gida, tana zaune tsakanin ƙafafuna. Na zo gefen hagu, na karkatar da kanta, kunnen dama ya kwanta a cinyata, tabon ya fito fili. Sai ta ce, "Adda, wai da gaske hangum na kashe kunne? Duk ajinmu sun yi, ni kaɗai ce nawa ya mutu."

Hannuna ya tsaya a gashinta. Na sunkuya daidai tabon, na ce a hankali, "Ba hangum ba ne. Na gani tun Talata na yi shiru. Kin zo ƙofata na kore ki. Ki yafe mini."

Na faɗa duka, ban rage ba. Kuma na san gefen da na zaɓa na faɗa.

Ta ji ɗumin numfashina a wuyanta, ta ɗago kai ta juyo da kunnen dama. "Magana kike yi?"

Na ce, "Cewa na yi ki daina motsi, layin zai karkace."

Ta mayar da kanta cinyata, na ci gaba da kitson.